Tsuntsun Kafaɗar Mai Jiran Jirgi

Ranar Lahadi ta biyu ce a watan Fabrairu, tun asuba ake yayyafi mai sanyi a birnin Chiba. Sufeto Kuwabara na zaune shi kaɗai a mota yana cin curin shinkafar da ya saya a kanti, sai wayarsa ta yi ƙara. Kofur Nagumo ce. An yi sata a babban zauren baje koli na bakin teku.

"Me aka ɗauke?"

"'Yar tsana, Yallaɓai."

"Ni kike yi wa wasa da ranar Lahadi?"

"Ba wasa ba ne. Amma in ka iso kada ka ce 'yar tsana, mutanen nan sai su cinye ka ɗanye. Mutum-mutumi za ka ce."

Bikin masu ƙera mutum-mutumin jaruman finafinan katun ake yi, na yini guda tak. A buɗe ƙarfe goma, a rufe ƙarfe biyar. Tebura jere har inda ido ya tsaya, jama'a maƙil, kowa ya sunkuya da kyamara gaban abin da bai fi tsawon kwalba ba. Sufeto ya ratsa cikinsu, ya lura duk cunkoson nan babu mai kallon fuskar wani.

A wani tebur na can lungu ya tarar da kofur tsaye kan wata dattijuwa mai baƙar riga. Sunanta Uwargida Ebihara. Ba komai a teburin sai fankon dandamali na katako, da tsohuwar fitilar karatu, da ɗan kati mai baƙin gefe. An rubuta a jiki cewa maƙerin, Soichi Ebihara, ya rasu a watan Oktoba.

"Ɗanki ne, Mama?"

"Shi ke nan gare ni. Shekara goma sha ɗaya bai fito daga ɗakinsa ba, a bakin ƙofa nake ajiye masa abinci. Shekara uku yana ƙera ta. Ya kama teburin nan da kansa, ya ce bana zai fito." Ta dubi katin. "Sai na zo a madadinsa."

Ta nuna masa hoto. Yarinya ce tsaye a tashar jirgin ƙasa, riƙe da jar laima, iska ta ɗaga mata gashi, ga wani ɗan tsuntsu kamar ƙwayar wake a kafaɗarta. Mai Jiran Jirgi, sunan da ya sa mata ke nan.

"Akwai wata irinta?"

"Ita kaɗai ce a duniya."

"Yaushe kika bar wurin?"

"Sha biyu da kwata. Na zaga banɗaki, na bar wa maƙwabcina amana, haka na ga kowa na yi."

Sufeto ya ga wata ambulan da ta damƙe da hannu biyu. "Wannan fa?"

"Saƙo ne. Mai shi bai zo ba."

Ya taɓa fitilar, ya ji ta da sanyi. "Ke kika kashe?"

"A kunne na bar ta. Ina so mutane su gan ta da kyau."

Maƙwabcin wani ƙato ne mai gilashi, sunansa Sakuraba, yana sayar da dodanni na roba.

"Ko taku ɗaya ban yi ba, Yallaɓai. Ina nan daram."

"To wa ya ɗauke ta?"

"Ina ba wani canji ne, ina ɗagowa sai wayam."

Sufeto ya sa ƙafa ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin teburin. Sabon kwalin mutum-mutumi ne a ciki, ga rasit manne, sha biyu da minti ashirin da biyu, daga tebur na ɗaya ƙarshen zauren.

"Da tsawon hannu ka sayo wannan?"

Sakuraba ya cire gilashi ya goge. "Guda talatin kacal suka yi, Yallaɓai. Shekara biyu ina jiranta. Minti goma na yi, na rantse."

"Ka bar amanar tsohuwa don roba."

"Ba roba ba ce, ai..." Ya haɗiye sauran.

"Kai ka kashe mata fitila?"

"An kashe ne?" Ya leƙa, ya ga haka ne. "Ni tun safe abin ke cina, na rasa bakin gaya mata. Irin ƙwan nan zafi gare shi. In ya daɗe a kan fenti launi ya dusashe, laimar ma ta lanƙwashe." Ya ƙara sunkuyawa. "Dubi dandamalin. An share ƙura da buroshi mai taushi, ga sawunsa nan. Yallaɓai, ɓarawon nan namu ne."

Kofur Nagumo ta durƙusa tana haska ƙarƙashin tebur da tocila. Can ta ɗago da wani abu a bakin hankici. Tsuntsun ne, da ɗan siririn ƙarfen da ake soka shi a kafaɗa.

"A rufe ƙofofi a caje jakunkuna?" in ji ta.

"Ƙofa takwas, mutum dubu nawa, kuma kowa da mutum-mutumi a jaka? Sai mu kwana." Sufeto ya juya tsuntsun a haske. Har ƙwayar ido aka zana masa. Ya dubi Sakuraba. "In taka ce, ka je gida ka tarar ba wannan, yaya za ka yi?"

"Ba zan yi barci ba. Abu in bai cika ba, gara babu."

Ƙarfe uku, bisa umarnin Sufeto, lasifika ta sanar cewa an tsinci ɗan tsuntsu mai shuɗin fiffike, mai shi ya zo teburin tsintuwa. Sufeto ya cire jakit, ya zauna bayan teburin tsakanin laimomi da safar hannu marasa 'yan'uwa.

Uku da rabi ba kowa. Ƙarfe huɗu aka maimaita. Ya duba wayarsa, saƙon da ya tura wa 'yarsa tun sabuwar shekara na nan ba amsa. Ya mayar aljihu. Daga inda yake yana hango tsohuwar zaune gaban fankon dandamali, mutane na wucewa ba mai tsayawa.

Huɗu da minti arba'in wani mutum ya taho. Siriri ne, zai yi shekara arba'in da biyar, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Laimarsa na rataye a hannu a naɗe. Jakarsa kuwa a ƙirji ya rungumo ta, yana tafiya kamar mai ɗauke da kwano cike da miya.

"An ce an tsinci tsuntsu."

"Naka ne, Malam?"

"Na wani kaya ne da na saya."

"A wane tebur?"

"Na manta lambar."

"Sunanka?"

"Inomata."

Sufeto ya miƙa tsuntsun tsakanin yatsu biyu. Mutumin ya zabura.

"Kada ka riƙe shi da hannu! Maiƙon yatsa na ɓata fenti." Ya zaro ɗan akwati mai auduga daga aljihu.

"Ka je har waje ka dawo ke nan."

"Har tasha. A can na ga ba tsuntsun."

"Ruwa na dukanka, ga laima a hannunka."

"Hannu biyu jakar ke so."

"Buɗe ta, Malam Inomata. Ni ɗan sanda ne."

Bai yi gardama ba. Mai Jiran Jirgi na ciki, naɗe da rigar sanyinsa.

A ɗakin masu gadi aka zaunar da shi, aka kira Uwargida Ebihara. Ta dubi Mai Jiran Jirgi, ta dubi mutumin.

"Nawa za ka sayar da ita?" in ji Sufeto.

"Sayarwa?" Kamar an mare shi. "Tun tana zaren ƙarfe da yumɓu na san ta a hoto. Ni na ce ya sa mata tsuntsu, don ta yi kaɗaici da yawa. Shekara tara muna rubuta wa juna saƙo kullum, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Wata huɗu ke nan shiru. Na ɗauka na yi masa laifi. Na zo yau in ba shi haƙuri, sai na ga katin."

"Me ya hana ka yi wa mahaifiyarsa magana?"

"Sau uku ina zuwa gaban teburin. Bakina ya ƙi buɗewa. Na huɗu na tarar ba kowa, fitila na gasa ta. Na ce bari in kashe kawai. Na kashe. Na share ƙura." Ya dubi hannuwansa. "Sai na ga ina tafiya da ita."

"Da wane suna kake rubuta masa?" in ji tsohuwar.

"Hazo."

Ta ajiye ambulan a gabansa. A bayanta an rubuta Hazo da ƙananan haruffa.

"A kan teburin ɗakinsa na same ta. Ya rubuta cewa in bai samu zuwa ba, a bar Mai Jiran Jirgi mutane su kalla har a tashi, sannan a ba ka. Ban san yadda zan nemo ka ba. Tun ƙarfe goma nake zaune ina jiran wanda zai ambaci sunan ɗana."

Inomata ya kai hannu, ya kasa taɓa ambulan.

Tsohuwar ta ce, "Taka ce, bawan Allah. Ƙarfe biyar kawai ya kamata ka jira."

Daga zauren aka ji tafi ya kaure, yadda suke yi kullum in an rufe biki. Sufeto ya dubi agogo.

"An riga an shigar da rahoto, sai mun je caji ofis. Mama, gobe in kina son janye ƙara, ki neme ni."

"Gobe dai," in ji ta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Kofur ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza kai. Inomata ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya mayar da tsuntsun da kansa kafin a sa ta a akwatin shaida. Aka bar shi. Sannan suka fita da shi ta ƙofar baya, ruwan bai ɗauke ba.

A mota Sufeto ya buɗe littafinsa ya rubuta. Mutum-mutumi ɗaya, an samo. Ƙaramin yatsa ɗaya na hannun hagu ya karye a jaka, ba a ga guntun ba. Cikin awa bakwai da maƙerin ya nema a kalli aikinsa, an kalla awa biyu da kwata.