Wanda Ya Ɗauki Laimar Chinatsu

Ana tsakiyar ruwan sama aka kira Sufeto Tsuruoka zuwa filin tseren motoci na gindin dutse. Kafin ya iso motar asibiti ta riga ta tafi, tseren kuwa bai tsaya ba. Ƙarar injuna sai girgiza ƙirji take, rumfuna cike da jama'a, babu wanda ya san abin da ya faru a bayan garejoji.

Saje Nabeshima ya tare shi a ƙasan wata matakalar ƙarfe. Ruwa ya wanke jinin, saura ɗan ja-ja a bakin magudana.

"Sunanta Chinatsu, yallaɓai. Sarauniyar tsere ce, cikin 'yan matan da ke riƙe wa direban kamfanin mai na Kurohaya laima. Daga can sama ta faɗo ta baya, kanta ne ya bugu. Tana numfashi amma ba ta farfaɗo ba. Likita ya ce akwai shatin yatsu a damtsenta."

"Wa ke tare da ita?"

"Madam Kuramochi, mai kula da 'yan matan. Ita ta shiga motar asibitin tana kuka, ta ce ba za ta bar gefen gadon ba. Na aika kurtu ɗaya ya tsaya a ƙofa."

"Ita Madam ɗin tana ina lokacin da abin ya faru?"

"Ta ce tana bakin titi da sauran 'yan matan, wurin jera motoci. Har ta ba mu sunan wanda take zargi, wani Ebihara, mai bin yarinyar da kyamara duk inda ta je. Yana hannunmu."

A irin wannan wuri, idan wani abu ya sami yarinya, kowa ya san mai laifin tun kafin a yi tambaya: ɗaya daga cikin tuzuran nan masu dogayen kyamarori. Haka jaridu suke so, haka ya fi wa 'yan sanda sauƙi. Ko sau nawa abin ya taɓa zama gaskiya, babu wanda ya zauna ya duba.

"Ku bar shi ya jira," in ji Sufeto. "Ina laimarta?"

"Muna nemanta a nan, ashe tana can tantin 'yan matan. An naɗe ta tsaf, an jingine."

A ƙofar tantin 'yan mata uku suna tsaye cikin ruwa, dogayen fararen takalma, gajerun riguna shuɗaye, kowacce da laimarta. Kwalli duk ya zubo musu a kumatu. Babbarsu, Mizuho, ita ta yi magana.

"Chinatsu ta ce mu yi gaba, za ta biyo mu. Ba ta zo ba."

"Ba a yi mata faɗa idan ta makara?"

"Wa? Chinatsu? 'Yar lelen Madam ce ai. Bana ita za ta ɗauki kambin sarauniyar shekara, ƙuri'un masoya duk nata ne. Mu rakiya muka zo."

"Madam tana tare da ku a bakin titi?"

"Kullum tana nan."

"Ban tambaye ki kullum ba, 'yata. Yau."

Mizuho ta kalli sauran. "Idan muna wurin, yallaɓai, kyamara muke kallo. An hana mu waiwaye."

Daidai nan mai ɗaukar hoton 'yan sanda ya ɗaga kyamararsa zai ɗauki ƙofar tantin. Su ukun suka gyara tsayuwa lokaci guda, suka murza laimomin har sunan Kurohaya ya fuskance shi. Hawaye kuwa bai daina zuba ba.

"Wayyo, yi haƙuri, hannun ne ya saba," in ji Mizuho. "Madam ta ce ko a makara kike kwance, in kika ga kyamara, sunan kamfani ya kalle ta."

Sufeto ya ƙara duban laimomin. Ya shiga tantin ya buɗe jakar Chinatsu. A aljihun ciki ya ga zoben azurfa rataye a siririyar sarƙa.

Bai sha wahalar neman ɗan'uwan zoben ba. A garejin Kurohaya kowa ya zuba wa allon tsere ido, ban da wani makanike da ke zaune kan taya, spana a hannu, yana kallon ƙasa. Sunansa Daigo.

"Ka san Chinatsu?"

"A ido dai, kamar kowa."

"Jawo sarƙar wuyanka in gani."

Daigo ya kai hannu wuyan rigarsa. Da ya jawo ta, sai ga zoben azurfa irin na jakar Chinatsu.

"Matata ce. Da bazara muka yi aure, a ɓoye. Sarauniyar tsere ba ta da miji, yallaɓai, in ta yi masoya sun watse. Yau take shirin hawa dandamali bayan tsere ta faɗa wa kowa, ta ajiye aikin. Ta gaji da ɓoye ni kamar kayan sata."

"Kai kana ina lokacin?"

"A jikin motar, gaban dubban mutane. Tambayi kowa."

"Madam Kuramochi ta san da auren?"

"Chinatsu ta ce ba za ta faɗa wa duniya ba sai Madam ta fara ji. Ita ta ɗauko ta daga shagon taliya, ita ta koya mata har yadda ake tsayuwa. Ban sani ba ko ta kai ga faɗa mata." Ya goge fuska da hannun riga. "Na bi motar asibitin da gudu. Madam ta leƙo ta ce, koma bakin aikinka kar 'yan jarida su gan ka."

"Haka ta ce? Kar su gan ka, kai?"

"Haka ta ce."

An ajiye Ebihara a ofishin masu gadi. Direban bas ne, ya haura hamsin, ga sanƙo, ga rigar Kurohaya da ta matse masa tumbi. Ya rungume kyamararsa kamar jariri.

"Ni ban je bayan gareji ba, ranka ya daɗe. An hana zuwa wurin."

"To taɓon da ke gwiwar wandonka, a cikin bas ka samo shi?"

"Faɗi gaskiya, baba," in ji Saje. "Duk filin nan an san kai ne jelar yarinyar."

Ebihara ya sunkuyar da kai. "Kan tudu na hau, ta bayan shingen waya. Nan take wucewa in za ta fita, takan ɗaga min hannu. Shi ke nan abin da ke tsakaninmu. Yau na jira ba ta zo ba. Can sai ga laimarta ta ɓullo daga lungun matakala, na yi ta ɗauka. Da na duba na ga ba ita ba ce. Da na ji abin da ya faru kuwa, na san ni za a fara kamawa."

Sufeto ya karɓi kyamarar. A hoton, mutum ne cikin doguwar rigar ruwa baƙa, da takunkumi a fuska, laima ta rufe sauran.

"Wannan ai ko mace ko namiji," in ji Saje. "Rabin filin haka suka yi shiga yau."

Sufeto ya ci gaba da latsawa, hoto bayan hoto. Hanyar ta yi kwana, mutumin ya bi kwanar, ya juya gefe, har ya ba da baya. Amma a kowane hoto sunan Kurohaya yana nan tsaf a tsakiya, yana kallon kyamara, ba harafi ɗaya da ya ɓuya.

"Nabeshima, da kai ne ka tura mutum daga bene kana gudu, ka hangi mai hoto a kan tudu, me za ka yi?"

"In ƙara sauri mana."

"Wannan laima ya murza masa, kuma bai san ya yi ba. 'Yan matan duk suna bakin titi a lokacin." Ya juyo wurin Ebihara. "Madam Kuramochi ta taɓa riƙe laima?"

"Haba, ranka ya daɗe! Reiko Kuramochi? A zamaninta babu kamarta. Kambin ne kawai ya ƙi ta, shekara bayan shekara ta biyu take zuwa. Har aure ta fasa saboda shi. Ina da hotunanta a gida, in kana…"

Sufeto ya riga ya miƙe. "Kira kurtun da ke asibiti."

Saje ya kira. Fuskarsa ta sauya tun kafin ya sauke wayar.

"Yana kanti a ƙasan bene, yallaɓai. Madam ta aike shi sayo mata shayi. Ta kuma ce wa nas a bar su su kaɗai, za ta yi wa yarinyar addu'a."

"Ya koma da gudu, ya buɗe ƙofar ya tsaya a ciki. Ɗauko Daigo, ku same ni a mota."

Asibitin yana can ƙasan dutse, hanyar kuwa sai kwana da santsi. Daigo ya dunƙule zoben a hannu har jijiyoyinsa suka fito.

Suka tarar da kurtun a tsaye cikin ɗakin, gwangwanin shayi a hannu, ya kasa matsawa gaba. An ja labule. Chinatsu tana kwance, kai a naɗe, na'ura tana hura mata iska ta bututu. Madam Kuramochi tana zaune a gefen gado, bayanta a miƙe, yatsunta a kan mahaɗar bututun.

"Ɗauke hannunki, Madam," in ji Sufeto a hankali.

Ba ta waiwayo ba. "Tun ɗazu nake zaune haka. Na kasa cirewa, na kasa saki."

"Ai kin san wanda ya fi sauƙi. Saki."

"Idan ta farka za ta faɗa."

"Babu abin da za ta faɗa da ban sani ba. Na ga hotunan. Kin riƙe laimar yadda kika koya musu."

Madam ta dubi hannunta. Sannan yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Saje ya matsa ya kama wuyan hannunta.

"A saman matakala ta tare ni," in ji Madam, muryarta ba ta rawa. "Tana murmushi, wai, Mama, na yi aure, yau zan bari. Kambin yana hannunta, Sufeto, miƙa hannu kawai ya rage. Abin da na nema har ƙuruciyata ta ƙare, ita za ta yar saboda mai wankin taya. Na riƙe damtsenta na ce ta bari sai an gama zaɓe. Ta ce ba za ta ƙara kwana tana ƙarya ba. Ta fizge."

"Fizgewa ba ta jefa mutum ta baya," in ji Sufeto.

Madam ta rufe ido. "Na ture ta."

"Sannan kika ba mu sunan Ebihara."

"Na san za ku yarda. Kullum kuna yarda."

Saje ya sa mata ankwa. A ƙofa ta ci karo da Daigo, ta kalle shi daga sama har ƙasa, da baƙin man da ke farcensa, ta wuce. Ana jin takun takalmanta har ƙarshen baranda.

Sufeto ya kira ofishin masu gadi ya ce a saki Ebihara, a kuma ba shi haƙuri da baki, ba a takarda ba. Da ya juyo, nas ta tsare Daigo a bakin ƙofa.

"Malam, dangi kawai ake bari su shiga. Kai wane ne nata?"

Daigo ya buɗe baki, ya waiga hagu da dama ko akwai mai ji.

"Faɗa mata da ƙarfi," in ji Sufeto.

"Mijinta ne ni."

Nas ta matsa masa. Ya shiga, ya ja kujerar kusa da gado, ya ɗauki hannun Chinatsu cikin nasa. Na'urar ta ci gaba da hura iska.