Kokon Mma Hamamatu

Akwai wata yarinya a Aboabo, 'yar aji biyar. Ran nan Ticha Kassim ya nuna wa 'yan ajinsu hoton wata baƙar dabba mai kama da ɗan kwikwiyo.

Ya ce, "Sunanta shaiɗanin Tasmaniya. A jakar cikinta take renon 'ya'yanta. Ciwon daji ya kusa ƙarar da su. In ɗaya ta ciji ɗaya, sai ciwon ya kama ta."

Bai gama bayani ba aka kaɗa ƙararrawa.

Sai yarinyar ta tuna wani abu. Maƙwabciyarsu Mma Hamamatu, mai koko da ƙosai, ciwon daji ne ke kai ta asibiti.

Washegari ta tare ƙawayenta. "Kar ku sayi kokon Mma Hamamatu. Ana ɗaukar ciwon. Ticha ne ya faɗa."

Yara suka gaya wa iyayensu. Maganar ta zaga unguwa. Mma Hamamatu ta riƙa zama ita kaɗai, koko yana hucewa a gabanta.

Wata safiya yarinyar ta gan ta tana share hawaye da mayafi. Ranar ta kasa karatu. Da aka tashi, ta gaya wa Ticha komai.

"Subhanallahi! Me ya hana ki tambaye ni?"



Ya ce, "Dabbobin nan duk jininsu kusan ɗaya ne, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ƙwayar ciwon takan shiga ta wurin cizo, jikin kuma bai gane baƙuwa ce ba. Mu ba haka muke ba. Ba a ɗaukar ciwon daji a abinci ko a gaisuwa."

"Ticha, to dabbobin za su ƙare?"

"Da sauran fata. Jikin wasunsu ya fara yaƙar ciwon."

Da yamma mamarta ta raka ta wurin Mma Hamamatu. Yarinyar ta durƙusa. "Mma, ni ce na faɗa. Ki yafe mini."

Mma Hamamatu ta ce, "Kin ƙona mini rai, 'yata. Amma na yafe. Tashi."

Yarinyar ta bi gida gida tana gyara maganarta. Ticha ma ya yi wa iyaye bayani. Sannu a hankali masu saye suka dawo.

Tun daga nan, in ba ta gane abu sosai ba, sai ta tambaya kafin ta yaɗa.