Takalman Kofur Mijinyawa

A nemi tsari tukuna, sannan a karanta. Haka Yaya Nomau yake sa mu yi kafin ya buɗe baki, ni ma ba zan sauya ba.

Yaya Nomau ɗan baffana ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma. Ni kuwa yawon neman karatu na yi har ƙarfina ya ƙare, yanzu ko sunan garin da na kwana makon jiya yakan ɓace mini. Wannan labarin dai bai ɓace ba. Sunan kogin da abin ya faru a bakinsa ne ya tafi, da sunan ƙauyen da ke kusa. Ku yi haƙuri da ni.

A gindin rumbu ya ba mu labarin, bayan sallar isha, ranar da muka dame shi da tambayar abin da ya hana shi sa takalmi tun dawowarsa.

Ya ce mu tambayi Mijinyawa. In ya ambaci sunan sai ya tofar da yawu gefe.

Mijinyawa kofur ɗinsu ne, mutumin wajejenmu. Bai taɓa sa takalmi ba sai da Bature ya ba shi na soja. Shi ke nan, kai ya kumbura. Da takalmin yake kwana. Da shi yake taka buzun sallar mutane, ya wuce ko waiwaye babu. Ƙafar da ke ciki kuwa duk faso, babban yatsan hagu ba farce, tun wani tuntuɓe da ya yi a gonar ubansa. Yaya Nomau ya san ƙafar, domin shi ake sa ya kawo ruwan wanke ta. Mutanen ƙasar, Mijinyawa ba ya kiransu sai masu bautar dutse. Kajinsu dai bai taɓa ƙyama ba.

Suna da ɗan jagora, wani tsoho Musulmin ƙasar, Kala Miya. Shi ya nuna musu wani dutse daga nesa, ya ba su tarihinsa da guntun Turancin bariki. Ya ce akwai kogo a can. Wani sarkinsu na dā ya kashe ƙanensa saboda sarauta, barci ya gagare shi. Sai ya bar fada, ya hau dutsen, ya tuɓe takalmansa na zinariya a bakin kogon. Ya sa aka sassaƙa siffar malaminsu, Buda, kwance a kan gefensa na dama. Ya yi rantsuwa zai yi ta sharar wurin, ƙafa ba takalmi, har zunubinsa ya goge. Masu ibada suka zauna a wurin zamani bayan zamani, kai a aske, mayafi ruwan goro. Daga baya annoba ta watsa su, daji ya cinye hanya. Amma har gobe, in ji Kala Miya, ƙasan kogon a share take. Ya ce shi ba addininsa ba ne, amma ko ta gindin dutsen zai wuce, takalminsa a hannu yake riƙewa.

Mijinyawa ya yi dariya. Ya ce sarkin da ya koma shara ai dama bawa ne.

Ba a daɗe ba 'yan Japan suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin nan da na manta. Aka watse. Yaya Nomau ya tsinci kansa shi da Mijinyawa kaɗai, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wajen la'asar. Suka yi ta hawa. Sai ga kogon.

A bakinsa takalma ne jere. Na itace, na ciyawa, wasu sun ruɓe sun zama ƙasa. Har da na sojan Japan. Kowanne bakinsa yana duban waje, kamar an gyara wa mai shi ya fito ya sa.

Yaya Nomau ya duƙa ya fara kwance igiya. Mijinyawa ya ce ya tashi. Ya ce sojan da ya rabu da takalminsa a fagen fama, bulala ce hukuncinsa, in ma abokan gaba ba su riga sun kama shi yana tsalle a kan ƙaya ba. Gaskiya ya faɗa, Yaya Nomau ya sani. In aka biyo su, ba lokacin ɗaure igiya.

"Gunki za ka girmama, baƙauye?"

"Gidan mutane ne, Kofur."

Ya tuɓe. Ya ajiye su a ƙarshen layi.

Ciki shiru. Ba kashin jemage, ba saƙar gizo. Ƙasan sumul, sanyi yana ratsa tafin ƙafa. Siffar tana kwance can ƙurya, tsawonta ya fi na zauren mai unguwa, idanu a lumshe. Mijinyawa ya bi ta tsakiya, ƙwas, ƙwas, yana barin taɓo. Ya zauna a kan hannun siffar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya shiga kankare lakar takalminsa da banatin bindigarsa.

Sai suka ji shara.

Shara, sannan wani ɗan bugu. Shara, bugu. Kamar ana ajiye taɓarya a hankali.

Tsoho ne ya fito daga bayan siffar. Ƙanƙane, kai a aske, mayafinsa ya koɗe. Tsintsiya a hannu. Bai dube su ba. Sawun Mijinyawa yake bi, yana share lakar ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Nomau ya yi masa sannu, don bai san wata gaisuwa ba. Tsohon ya amsa. Da Hausa ya amsa, irin ta tsofaffin ƙauyenmu. Sai dai muryar ta riga bakin. Sai maganar ta ƙare, sannan leɓen ya motsa.

Nan Yaya Nomau ya sunkuyar da kai, ya ga ƙafafun. Ba yatsu. Ba dunduniya. Sun cinye har idon sawu, sun yi sumul kamar bakin taɓarya.

Ya fara karanta abin da ya sawwaƙa a zuci. Ya ce wa Mijinyawa a hankali su fita. Mijinyawa ya ce ba kuturun da zai tashe shi. Ya miƙa wa tsohon ƙafa, ya ce tunda shara ce sana'arsa, ya haɗa da takalmin.

Tsohon ya tsaya. Ya dubi takalmin. Yaya Nomau ya ce ya ga raini iri-iri a soja, na Bature da na baƙar fata, bai taɓa ganin irin na wannan kallon ba.

"Na tuɓe na zinariya a ƙofar nan," in ji tsohon. "Kai fatar jaki ce ta gagare ka."

Sannan ya juyo wajen Yaya Nomau.

"Wanda ya tuɓe, baƙo ne. Tafi. Wanda ya shigo da su, ƙafa ya kawo mini."

Ya shafi tafin ƙafar Yaya Nomau da bakin tsintsiyar, dama da hagu. Yaya Nomau ya kama hannun Mijinyawa ya ja. Kamar ya ja dutsen. Mijinyawa yana ta ƙoƙarin kwance igiya, yatsunsa suna zamewa. A karon farko ya kira Yaya Nomau da sunansa, ba baƙauye ba. Yaya Nomau ya sake ja. Hasken ƙofa ya fara ƙanƙancewa. Ya saki, ya ruga.

A waje ruwa ya ɗauke. Takalmansa suna inda ya bar su. Kusa da su ga na Mijinyawa, an goge su tas, igiya a ɗaure, bakinsu yana duban waje. Ya taɓa ɗaya. Da ɗumi.

Bai ɗauki ko nasa ba. Yana gangarawa ya waiwaya sau ɗaya. Tsohon yana tsaye a bakin kogon, ya jingine tsintsiya, yana motsa yatsun ƙafa kamar mai gwada sabon abu. Baƙaƙen ƙafafu ne, duk faso. Babban yatsan hagu ba farce. Daga can ciki kuma wani yana shara. Shara, bugu.

Ya sha bulalarsa a sansani. An rubuta Mijinyawa cikin waɗanda suka ɓace.

Ƙanwata Talle ta tambayi Yaya Nomau ko bai ji tausayin Mijinyawa ba. Ya ce mutumin da aka ba wa takalmi ya manta gaisuwa, shara ta dace da shi. Sai ya sake tofar da yawu. Amma na lura ya daɗe yana kallon hannunsa, wanda ya saki.

Ya ce mana in Allah ya kai ɗayanmu ƙasar da ba tasa ba, ya ga ƙofa da takalma a jere, to ya tuɓe nasa, ko na wane addini ne gidan. In kuma ya ji shara inda ba kowa, kada ya shiga shi kaɗai, kada kuma ya shiga da mai girman kai.

Ni na yi wa Yaya Nomau wankan gawa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana noma a cikin ƙaya da tsakuwa, ƙafa ba takalmi. Na ɗaga ƙafar zan zuba ruwa. Tafin sumul, ba faso ko ɗaya, laushi kamar na jinjiri. Da sanyi kuma, irin sanyin dutse.