Fitilar Baba a Tsohuwar Tasha

Shekara talatin rabon da jirgin ƙasa ya bi ta garin, amma mutanen garin suka ƙi bari tasha ta zama kango. Kowa ya kawo abin da ya gada. Wani hular direba, wata usur ɗin mijinta, maƙeri ya kankare tsatsar ƙararrawa, mata suka wanke dandamali tas. Tsohuwar tasha ta zama gidan tarihi.

Kafinta ne ya ƙera akwatunan gilashin duka, bai karɓi ko sisi ba. Amma ranar buɗewa, wa aka rataya wa makulli a wuya? Ƙaninsa, Tela. Shi aka ba aikin kunna fitilar mahaifinsu, wadda marigayin yake ba jirgi hannu da ita, mai gilashi biyu, ja da kore. Kullum kafin faɗuwar rana Tela zai kunna ta, ya juya ta kan kore, ya rataye a bakin dandamali.

Abin ya tsaya wa Kafinta a maƙogwaro shekara uku cur. Shi ne babba, shi ya sha zufa, amma ko'ina sai ka ji "fitilar Tela". Kai, har matarsa ta faɗi haka rannan, ya ture kwanon abinci ya fita.

Wata ranar Laraba da yamma ya ɗauki buhu, ya ce zai je ya duba ƙafar wani akwati. Ƙarya yake. Nufinsa ya ɓoye fitilar, gari ya waye a ce Tela ya yi sakaci da kayan gado, a ƙwace makulli.

Ya tarar ba kowa. Rana ta yi ja a bayan tankin ruwa, fitila na ci a kan ƙusarta. Ya sauke ta, ya buɗe murfi, ya hure.

Tsuntsayen da ke hayaniya a rufin kwano suka yi tsit.

Sai ya ji warin gawayi da man inji, irin wanda ke kama rigar Baba. Ƙarfen dogo, wanda ciyawa ta rufe rabinsa, ya fara rawa. Tsakuwa na tsalle.

Daga gabas aka busa usur.

Bai ga jirgi ba. Iska mai zafi ya ji a fuskarsa, da ƙugin ƙarfe yana cizon ƙarfe. Birki. Abin da yake wucewa kullum ba a sani ba, yau bai ga kore ba, ya tsaya.

Ƙofa ta buɗe a inda babu ƙofa. Ciki duhu ne, an zauna sahu-sahu, ba mai motsi, ba mai numfashi. Kujera ɗaya ce babu kowa, a bakin taga.

Wani dogo ya sunkuyo, hularsa na gogar rufi.

"An tsayar da mu," in ji shi, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. "Wa zai hau?"

Kafinta ya nemi addu'a a bakinsa, ya rasa farkonta.

"Ba ma tsayawa a banza."

Hannu ya miƙo. Tsayinsa ya wuce na mutum. Ya kama kafaɗarsa, sanyi ya ratsa har ƙashi.

Kafinta ya laluba aljihu. Ashana. Ta farko ta karye. Ta biyu ta mutu. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta bar dandamali.

Ta uku ta kama lagwani, amma hasken ja ne. Garin saukewa gilashin ya juya.

Aka ƙara jan sa.

"Yaya," aka raɗa a bayansa. Tela ne, ya hango fitila ta mutu ya sheƙo, ya riƙe masa ƙugu da hannu biyu. "Kada ka kalle shi. Juya gilashin. Kore, Yaya, kore!"

Ya murɗa.

Hannun ya sake shi a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Mun ajiye maka kujerar," in ji dogon.

Usur ya sake tashi, ƙugin ya yi yamma, har ya ɓace. Suka zube a dandamali suna haki.

"Ka sani?" in ji Kafinta da ƙyar.

"Baba ya faɗa mini kwana biyu kafin ya rasu. Ya ce kai kana da 'ya'ya ƙanana, in ɗauke maka." Tela ya dubi buhun da ke yashe a gefe, ya kau da kai. "Yanzu kuwa fuskarka suka sani. Hannunka za su nema."

Washegari Tela ya shaida wa jama'a cewa iska ce ta kashe fitila, yayansa ya kunna, kuma ya cancanci makulli tun farko. Aka yi ta tafi, ana sa musu albarka. Wata tsohuwa har da hawaye, wai zumunci ke nan.

Yau "fitilar Kafinta" ake cewa. Kafaɗarsa ta dama ba ta ƙara ɗumi ba, ko randar goge katako ba ya iya turawa da ita. Ba ya kwana a wani gari, ba shi da ikon kwanciya ciwo. Kullum kafin rana ta faɗi yana bakin dandamali da ashana kwali biyu, idonsa a rufe, yana jiran iskar ta wuce.

Jiya ya kama maƙeri yana hararar makullin da ke wuyansa. Ya san wannan kallon sarai. Ya so ya yi dariya, bai iya ba.