Kyaftin Ɗin Kashi Na Biyar

A wani gidan haya da ke bayan kasuwar Maamobi akwai mata uku da yarinya ɗaya. Mma Lariba ta rasa ɗa. 'Yarta Fauziya ta rasa wa. Najat ta rasa miji, ita kuwa 'yarta Abiba ta rasa uba tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Husseini ke nan, wanda ya kama hanyar Libiya neman aiki, hamada ta riƙe shi. Abokin tafiyarsa Braimah ya dawo ya rantse a gaban limam cewa da hannunsa ya tona masa rami. Limam ya karɓi shaida, Najat ta yi takaba ta fita. Amma har yau ba a kafa rumfar addu'a ba, domin Mma Lariba ta ce ba a yi wa mai rai sadaka.

To, ka ji gidan. Babu Husseini, babu kuma izinin kukansa.

"Abiba, buɗe ƙofar nan!"

Najat ta buga ƙyauren da hannun da ko ƙullun ƙosai ba ta wanke ba.

"Ba zan buɗe ba! Ki tafi wurin mai gyaran wayarki!"

"'Yar lelena, me ya yi miki? Ba ke ce kike kai masa koko da kanki ba?"

"Ya ce ni wawiya ce!"



Zulkarnaini mai gyaran waya ne a bakin babban titin Nima. Kullum da safe yakan tsaya a teburin Najat ya sha koko, har wata rana ya ajiye kofi ya ce shi fa ba kokon kaɗai ke kawo shi ba. Shi ne ya fara nuna wa Abiba wani dogon fim na jirgin da ke yawo tsakanin duniyoyi, wanda yaran unguwa suke kira Ayarin Taurari. Jarumin fim ɗin Kyaftin Dalo ne. A kashi na uku ya kulle kansa a ɗakin injin da ya kama da wuta, don 'yarsa da mutanen jirgi su tsira. Ranar da suka kalli wurin, Zulkarnaini da Abiba tare suka yi kuka, Najat tana musu dariya.

Sai ga kashi na biyar ya fito, masu fim suka dawo da Kyaftin. Wai ashe wata na'ura ta adana tunaninsa, aka ƙera masa sabon jiki.

Fauziya ce ta fito daga kicin tana goge hannu, fuskarta kamar ba ita ba.

"Ni na kai ta ta kalla jiya. Laifi ne? Yarinya ta ga uban da aka ce ya mutu ya dawo, ta yi murna. Sai na ce bari ta ji ra'ayin sabon babanta."

Ta danna wayarta. Ga Zulkarnaini a irin bidiyon da yake yi wa masu son fim sharhi da Hausa, jijiyar wuyansa a miƙe.

"Cale, abokaina, sun raina mu! Mutum ya mutu a gabanmu, mun yi kuka, mun haƙura, sai ku tono shi? Wanda ya mutu ya mutu! Duk wanda ya zauna yana jiran Kyaftin ya dawo, wallahi wawa ne!"

Najat ta dubi Fauziya. Ta daɗe da sanin inda idon ƙanwar mijin nata yake zuwa duk sanda Zulkarnaini ya yi sallama, amma ba ta taɓa zaton abin zai bi ta kan yarinya ba.

"Fauziya... 'yar wanki ce fa."

"Shi ya sa nake kare ta."

Daga kan tabarma Mma Lariba ta ɗago kai, carbi a hannu.

"Najat, ban hana ki aure ba. Limam ya ba ki hanya, ki bi. Amma Abiba jininmu ce. A nan za ta zauna, idan ubanta ya shigo ya tarar da ita."

Ƙyaure ya buɗe kaɗan, ido ɗaya jajawur ya leƙo.

"Wurin Kaka zan zauna. Ke ki tafi."

Najat ba ta san sanda ta yafa mayafi ba. Ba ta tsaya jiran motar haya ta turoturo ba, ta ratsa lungu da ƙafa, tana tsallake kwata, har shagon Zulkarnaini.

Ta tarar bes, wato dandalin hirar samarin da ke gefen shagon, ya cika, shayin ataya na tafasa, musu ya kai musu.

"Ni fa ban ga laifinsu ba," in ji Jalilu mai wankin mota. "Jirgi ba Kyaftin ai turoturo ne ba direba."

"To me ya sa suka kashe shi tun farko? Gobe ma sai su ce injin ne ya haife shi!"

Aka fashe da dariya. Zulkarnaini ya hango fuskar Najat, dariyarsa ta tsaya. Ya ja ta gefen shago.

"Najata, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ni ce zan mutu, Zul!"

Ta zayyana masa komai, magana tana harɗewa da kuka. Ya dafe kai.

"Innalillahi... Wallahi ko kusa ban tuna da Husseini ba. Fim nake nufi."

"Na sani! Ita ma ta sani! Amma a ranta Kyaftin da babanta hanya ɗaya suka bi. Idan wancan ya dawo, wannan ma zai dawo."

"Me kike so in yi?"

"Ka sake wani bidiyon. Ka ce ka yi kuskure. Ka ce kashi na biyar ya fi kowanne kyau."

"Najat, ƙarya ce fa."

"To ka yi ƙaryar!" Muryarta ta tsage. "Na binne miji ban ga gawarsa ba, yanzu kuma in bar 'yata tana raye? Ba zan iya ba, masoyina. Kai ma ba zan iya barinka ba. Ka ce mini wanne zan yanke, hannun dama ko na hagu?"

Ya dubi tarkacen wayoyin da ke kan teburinsa.

"Share hawayenki. Zan yi."

Ya kuwa yi. Kafin la'asar bidiyon ya zaga unguwannin Nima da Alajo. Ya ce ya sake kallo, ya gane hikimar masu fim, dawowar Kyaftin ita ce abu mafi daɗi da aka taɓa yi a Ayarin Taurari. Masu bibiyarsa suka yi masa caa. Wani ya rubuta cewa an saye shi da kwanon waace, wato shinkafa da wake. Jalilu ya kama kiransa Malam Juyi. Zulkarnaini ya haɗiye duka.

Washegari Asabar, babu makaranta. Najat ta sauke kaskon suya, ta sami Abiba a bakin famfo, ta miƙa mata wayar.

"Kalli. Ya janye maganarsa. Ya ba ki haƙuri."

Abiba ta kalla har ƙarshe. Najat tana jiran murmushi, sai ta ga goshin yarinyar yana tattarewa. Abiba ta ajiye wayar a kan bokiti ta fita da gudu, ko takalmi babu.

"Abiba! Motoci! Abiba!"

Najat ta bi ta. Sai a ƙofar shagon ta cim mata, yarinyar ta riƙe ƙugu tana haki, samarin bes duk sun juyo.

"Kawu Zul, kai maƙaryaci ne!"

"Ei!" in ji Jalilu. "Yau alƙali ya zo."

Zulkarnaini ya fito ya durƙusa daidai tsawonta.

"Me na yi kuma, Abiba?"

"Ka ce na biyar ya fi kowanne kyau! Ya fi na uku? Kai da ka ce mini na uku ba a taɓa yin irinsa ba?"

"To... na sake tunani ne."

"Ƙarya ne! Ba ka ga ba ya ɗingishi ba? Kyaftin Dalo tun kashi na ɗaya yake jan ƙafar hagu! Wannan kuwa har tsalle yake yi!"

"Sabon jiki ne ai," in ji Jalilu a hankali.

"Kai yi shiru! Kuma da ya ga 'yarsa, sunanta ya kira kamar malamin makaranta. Kyaftin bai taɓa kiran sunanta ba, Ƙaramar Direba yake ce mata! Ko goshinta bai taɓa ba. Ita ma ba ta yi kuka ba, don ta san..."

Ta tsaya.

Butar ataya tana tafasa tana zuba a kan gawayi, ba wanda ya sauke ta.

"Ta san me, Abiba?" Zulkarnaini ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ta san ba shi ba ne. Fuskarsa kawai suka sa wa wani. Na gani tun a can. Anti Fauziya tana ta tafi, ni ma sai na yi tafi."

Ta juya wajen uwarta.

"Maa... Kawu Braimah da idonsa ya ga Baba?"

Najat ta zube a kan gwiwoyinta a bakin titi. Shekara da shekaru tana tsoron wannan tambayar, tana kuma jiran ta.

"Da idonsa, 'yar lelena. Shi ya yi masa salla. Ya ce har ƙarshe sunanki yake kira."

Kukan da Abiba ta yi ba irin na jiya ba ne. Na jiya na faɗa ne, wannan kuwa daga can ciki ya taso. Najat ta rungume ta suna yi tare. Samarin suka sunkuyar da kai, Jalilu ya cire hularsa yana murzawa.

Da ta ɗan lafa, Zulkarnaini ya ce, "Ki yafe mini abu biyu. Na ce masu jira wawaye ne, ba haka ba ne, so ne yake sa mutum jira. Sannan na yi miki ƙarya don ki so ni."

Abiba ta ja majina.

"Ka goge bidiyon na biyu. Abin kunya ne."

"Yanzun nan, ranki ya daɗe."

Saura babban dutsen. A hanyar komawa gida Najat tana ta shirya kalmomin da za ta faɗa wa surukarta, amma Abiba ta riga ta. Ta wuce Fauziya a tsakar gida ba ta ko dube ta ba, ta je ta zauna a kan tabarma, ta ɗora kai a cinyar kakarta.

"Kaka, in Baba ya dawo, za ki gane shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ko a cikin mutum dubu."

"To shi ya sa ba wanda zai iya kawo mana na ƙarya. Kaka... kowa a layinmu an yi wa mamacinsa addu'a, an raba waina. Baba kaɗai ne ba a yi wa ba. Yana can shi ɗaya ba wanda ya aika masa komai."

Carbin ya tsaya a hannun Mma Lariba.

"Wa ya koya miki wannan maganar?"

"Ba kowa."

Tsohuwar ta dubi ƙofar gida, ƙofar da ba ta taɓa yarda a sa wa sakata da rana ba. Ta daɗe tana dubanta. Sai kafaɗunta suka fara girgiza.

"Husseini... ɗana... na bar ka da yunwa..."

Najat ta matso a tsorace ta riƙe hannunta. A karo na farko tun zuwan labarin, Mma Lariba ba ta janye ba. Fauziya ta tsaya a bakin kicin, ta rufe baki da gefen zane, ita ma hawaye ya ci ƙarfinta. Daga baya ta sami Najat a wurin wanke-wanke, ta tsuguna ta karɓi soso daga hannunta.

"Anti Najat, ban kyauta ba."

"Ba ki kyauta ba. Miƙo mini wancan kwanon."

Ranar Lahadin da ta zagayo aka tare layi da rumfa da kujerun roba. Malamai suka sauke Alƙur'ani, Braimah ya zauna a sahun gaba yana share ido. Zulkarnaini da samarin bes su suka ɗauko kujerun, su suka mayar. Da taro ya watse, Mma Lariba ta aika aka kira Zulkarnaini.

"Kai ne mai zagin mutanen cikin talabijin?"

"Ni ne, Mma. Na tuba."

"Kada ka tuba, ka dai rage ihu. Ka turo manyanka. Amma Juma'a da Asabar jikata a nan za ta riƙa kwana."

"Ko Lahadi kika ce, Mma, ni zan kawo ta da kaina."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Da aka gama yi wa Najat lalle, ta leƙa ta taga ta hango ango da babbar riga ya tsuguna a gefen rumfa, shi da Abiba suna musu a kan ko za a yi kashi na shida.

"In suka sake dawo da wani, ni zan yi bidiyon," Abiba take cewa. "Kai ba ka da tsayayyar magana."

Najat ta yi dariya har kwallinta ya ɓaci.

Abiba ta gane babanta ya rasu ba zai dawo ba, kuma mutumin da ya shigo gidansu bai zo da fuskar kowa ba sai tasa.