Injin Surfani Ya Yi Ƙafa

Da sanyin safiya mai kamfanin ɗinki ta faɗo ofishin 'yan sanda tana haki. An sace mata injin surfani, ga kayan 'yan makaranta jibge suna jiran tambari. In ba a gano shi ba kwangila ta tafi, telolinta kuma su koma zaman gida.

Sufeto ya ɗauki Saje suka nufi wurin. Shi Saje magani ɗaya ya sani ga kowane ciwo: tsawa. Suna shiga ya daka wa teloli ita, nan take kowa ya rantse bai ga komai ba.

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a ɓalle kwaɗo ba, da mukulli aka buɗe.

Maigadi tsohon soja ne, don haka Sufeto ya ƙame a gabansa.

"Ba ni rahoto!"

Tsoho ya sara masa, ya ce motar kamfani ta fita jiya bayan an tashi aiki. Fuskar matuƙin ce dai idonsa bai kama ba.

Direba ya dage cewa mota ba ta motsa ba. Sufeto ya lura tsoro ne ke cinsa, sai ya shiga mota ya zauna kusa da shi, yana tsokanarsa wai da ƙyar ƙafarsa ke kai wa birki. Direba ya tuntsire da dariya.

"Wallahi ranka ya daɗe, yau ma sai da na jawo kujera. Wani zanƙalele ya tura mini ita baya."

Wata dattijuwa mai sa maɓalli kuwa, durƙusawa Sufeto ya yi ya gaishe ta, har ya zura mata zare a allura. Ta raɗa masa cewa bayan uwar ɗakinsu, manaja kaɗai ke da mukulli. Shi kuma ƙanen uwar ɗakin ne.

Saje ya tambaya a hankali, wai Oga mutum nawa ne yau? Sufeto ya ce shi kaɗai ne, mutanen ne dai ba ɗaya ba.

Manaja dogo ne har yana sunkuyawa a ƙofa. Ya ce jiya zazzaɓi ya kwantar da shi. Sufeto ya ja kujera. Ya zauna kawai yana kallon baƙin mai a bakin hannun rigar manajan.

Manaja ya gyara zama. Ya sha ruwa. Ya fara bayanin da ba a tambaye shi ba, har ya zarce ya ce inji na shagon abokinsa. Wai so yake ya buɗe wurinsa, domin a nan ko launin zare ba a barinsa ya zaɓa.

Da suka tasa manaja gaba, yayar tasa ta biyo su har mota tana faɗa.

"Kai da bakinka, ai da ka gaya mini!"

"Yaya, yaushe kika taɓa bari na ƙarasa magana?"

Ta ja da baya. Saje ya rufe ƙofar mota.