Kogi a Katangar Baba

A wani zamani can baya, an yi wata mai zanen bango a wani gari na bakin kogi. Mahaifinta tsohon mai fito ne, amma ƙafafunsa sun daina kai shi ko'ina.

Da damina ta yi nisa, tsoho yana kwance yana jin ƙugin kogi. Ya ce, "'Yata, ina ma in sake ganinsa a cike."

Ta dama shuni da farar ƙasa, ta zana kogi a katangar da ke kallon ƙofarsa. Maƙwabta suka ce, "Wa ke zanen bango da damina?"

Ruwa ya zo ya wanke. Ta sake damawa, ta sake zanawa. Ruwa ya sake wankewa.

Rana ta uku, ba ta gama ba ruwa ya tsuge. Shuni ya bi katanga yana kwarara, fari na binsa kamar kumfa. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ya sake lalacewa."

Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Matsa kaɗan in gani, 'yata. Na jiya kwance yake. Wannan ne kogina, ga shi yana gudu."